A Kai Likitan Ƙwaƙwalwa Bakin Gadon Majinyaci

Lacca ga al'ummar Masarautar Gumel



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya tara mu a nan cikin ƙoshin lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Shugaban taro, ranka ya daɗe. Iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata, 'yan'uwana ma'aikatan lafiya, ɗalibai, da duk wanda ya taso daga Maigatari ko Gagarawa ko Sule Tankarkar ko nan cikin Gumel ta Lautai, barkanku da zuwa.

Maganar da na zo da ita guda ɗaya ce. Duk wanda aka ba gado a babban asibiti, ko zazzaɓi ne ya kawo shi, ko haihuwa, ko karaya, da jikinsa da hankalinsa ya hau gadon. In hankalin ya taɓu yana kwance, abin da ya kamata shi ne mai ilimin lafiyar ƙwaƙwalwa ya zo ya same shi a gadon nan, su duba shi tare da likitan da ke kula da shi. Wanda ɗakinsa ke yoyo ba ya cicciɓar ɗakin ya kai wa magini. Maginin ake kira ya zo.

Mene ne wannan aiki?

Ɓangare biyu ne. Na farko tuntuɓa. Likitan ɗakin maza ko na ɗakin haihuwa ya ga majinyaci ya canza, sai ya rubuta 'yar takarda zuwa ga ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa cewa a zo a duba masa gado na kaza. A zo a duba, a rubuta shawara a fayil, majinyaci kuwa yana nan a hannun likitansa, ba a ɗaga shi daga gadonsa ba, ba a katse masa allura ko ƙarin ruwa ba. Na biyu zama tare. Ma'aikacin nan ya riƙa shiga zagayen safe da sauran likitoci, yana nuna wa nas-nas da ungozomomi alamomin da za su sa wa ido, har su iya gane matsala tun tana ƙarama.

A yau, a yawancin manyan asibitocin ƙananan hukumomi na Arewa, in majinyaci ya fara sambatu ɗayan uku ake yi: a ɗaure shi da gado, ko a yi masa allurar barci, ko a ce da danginsa, “Wannan ba namu ba ne, sai ku yi gaba.” Gaban kuwa, ga mutumin ƙasar Gumel, shi ne asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, ko na Dawanau, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kowanne tafiyar fiye da kilomita 100. Dangi su lissafa kuɗin shatar mota, su lissafa abin da gari zai ce in aka ji an kai ɗansu Dawanau, sai su juya gida da shi. Ciwon da ya kawo shi bai warke ba, ga na biyu ya hau kai.

Yadda aka raba jiki da hankali

Wannan rabuwa ba gadon magabatan likitocin Musulmi ba ce. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta Masalihul Abdan wal Anfus, ya haɗa kiwon lafiyar jiki da na rai a littafi guda, ya yi bayanin baƙin ciki da tsoro da waswasi a matsayin cututtukan da ake yi wa magani. Asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da ɓangaren masu zazzaɓi, da na masu ciwon ido, da na tiyata, da na masu taɓin hankali, duk a gida ɗaya.

Turawan mulkin mallaka ne suka kawo mana tsarin killacewa. An buɗe gidan tsare masu taɓin hankali na Yaba a Legas a 1907, aka yi doka a 1916, aka sabunta ta a 1958. Manufar dokar ita ce a kawar da mai lalura daga idon jama'a, har wasu ma a kurkuku aka riƙa ajiye su. A daidai lokacin, a can ƙasashen Turawa, masu hangen nesa sun fara dawowa daga rakiyar wannan tsari. A 1902 Dokta Mosher ya buɗe sashen masu taɓin hankali a cikin babban asibitin Albani da ke jihar Niyok a Amurka, kuma a shekarun 1930 Gidauniyar Rockefeller ta ba da kuɗi aka buɗe irinsa a wasu asibitocin koyarwa. Daga nan aikin ya bunƙasa har ya zama fanni mai zaman kansa.

Mu ma muna da namu gwani. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Majinyaci ya sauka a ƙauye tare da ɗan'uwansa, ya riƙa zuwa asibiti da rana, ya koma ya kwana cikin mutane. Lambo ya yi aiki da masu maganin gargajiya, kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Najeriya ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya a matakin farko. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma kare mutuncin mai lalura da haƙƙinsa na samun magani. Doka dai ta samu. Saura ta iso bakin gado.

Su wa ke jira a gadajenmu?

Na farko, mai gigin ciwo. Ba mu manta da abin da ya same mu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton cewa daga 1 ga Oktoba 2022 zuwa 16 ga Afrilu 2023 an samu mutum 1,686 da ake zaton sun kamu da sanƙarau a Najeriya, 124 suka rasu. Kashi 74 cikin 100 na waɗanda ake zaton sun kamu, wato mutum 1,252, 'yan Jigawa ne, kuma a Maigatari da Sule Tankarkar abin ya fi ƙamari, ga yankin Damagaram a ƙetaren iyaka yana fama da irinsa. Duk wanda ya yi jinya a lokacin ya ga abin da zan faɗa.

Ku ɗauki saurayi da aka kawo daga ƙauye da zazzaɓi da ciwon kai. Da rana yana amsa gaisuwa. Da dare ya yi, sai ya fizge robar ƙarin ruwa, ya ce ga macizai a bango, ya kira mahaifiyarsa da sunan wata, ya nemi ya fita tsirara. Yayyensa su danne shi, su ɗaure hannayensa da ƙarfen gado da rawani. Kafin asuba an fara raɗe-raɗin iska ce, wani ya ce sammu, wani ya ce a nemi mota a yi Kazaure.

Wannan yaro ba mahaukaci ba ne. Zafin ciwo ne ya taɓa ƙwaƙwalwarsa. Alamomin a bayyane suke ga wanda aka koya wa: abin ya zo farat ɗaya cikin sa'o'i ko kwana ɗaya biyu, yana lafawa yana tashi, ya fi tsanani da dare, mutum bai san inda yake ba, bai san wace rana ce ba, ba ya iya tsayar da hankalinsa kan magana. Sanƙarau na kawo haka, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da taifot, da faɗuwar suga, da ciwon ƙoda ko hanta, da tiyata ga tsofaffi. Akwai ma mai shiru, wanda majinyaci ke lafewa yana ta barci, masu jinya su ce ya samu sauƙi alhali ciwo ne ke cin sa.

Maganinsa shi ne maganin ciwon da ya haddasa shi. A gwada suga nan take, a nemo tushen zazzaɓin, a duba fitsari da numfashi. A bar fuska ɗaya da ya sani a kusa da shi, a bar fitila, a riƙa tuna masa inda yake. Ɗauri na ƙara masa firgici, allurar barci mai nauyi kuma na iya danne numfashi ta ɓoye alamomin da likita ke bi. Babban hatsari shi ne a ɗora shi a mota a raba shi da allurarsa, domin a sanƙarau jinkirin 'yan sa'o'i na iya zama ajali. Ga wanda ya tashi kuma, aiki bai ƙare ba: kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira daga sanƙarau na samun wata nakasa, kamar kurumta, ko farfaɗiya, ko canjin hali, ko wahalar ɗaukar karatu. Yaran 2023 suna nan a makarantunmu na allo da na boko. Wa ke bibiyarsu?

Na biyu, mai jego. Iyayenmu mata, ku ne malaman wannan babi. Kwana uku zuwa biyar da haihuwa, mata da yawa kan ji kuka na zuwa musu ba dalili. Wannan kan wuce da kansa cikin mako biyu. Amma akwai ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kama kusan mace ɗaya cikin biyar a ƙasashe masu tasowa. Ba ta barci ko da jariri ya yi barci, abinci ba ya shiga, tana ganin ta kasa, tana jin kunyar faɗa, domin kowa barka yake yi mata.

Sai mafi tsanani, taɓin hankali na bayan haihuwa, wanda ke samun mace ɗaya ko biyu cikin 1,000, galibi cikin mako biyun farko. Ana shirin suna, sai a ga mai jego ta kwana uku ido biyu, tana magana ba tsayawa, ko ta ƙi karɓar jaririn ta ce an musanya mata. Wannan lalurar gaggawa ce kamar zubar jini, domin rayuka biyu ne a ciki. Kuma a babban asibiti ya kamata a fara duba ta, tunda dole a tabbatar ba zazzaɓin bayan haihuwa ba ne, ba kuma jijjiga ba ce. Albishir shi ne yawancin masu wannan lalura na warkewa sarai da magani, akwai ma magungunan da ba sa hana shayarwa. Sai dai takan dawo a wata haihuwar, don haka a gaya wa ungozoma tun ranar awon farko. Aure nawa ya mutu a ƙasar nan saboda ciwon da maganin 'yan makonni zai warkar? Ku tuna kuma da masu yoyon fitsari da ake yi wa aiki a Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2008. Likita kan ɗinke yoyon, amma mutuwar jariri da saki da ƙyamar mutane suna buƙatar nasu maganin.

Na uku, mai jakar katuna. Kowane ma'aikacin lafiya a nan ya san ta. Takan zo da leda cike da katin asibiti da takardun gwaji da hotunan sikanin. Kanta na zafi a tsaka, wani abu na yawo a jikinta, gabanta na faɗuwa, ƙirjinta na suya. An yi mata maganin taifot ya fi a ƙirga, an yi na ulsa, an sayar da akuya an yi hoto, ba a ga komai ba. Ciwonta na gaske ne, ba ƙarya take yi ba. Ba a dai yi mata tambayar da ta dace ba ne. Bahaushe yana da kunya da kawaici. In ka ce “Ya jiki?” amsa ɗaya ce, “Da sauƙi.” Sai an ja labule, an sallami 'yan rakiya, an zauna, an ce, “Inna, ya barci? In kin farka tsakar dare, me ke zuwa miki a rai? Yaushe rabon ki ji daɗin wani abu?” A nan ne za a ji cewa ɗanta ya tafi ci-rani shekara uku ba labari, ko an yi mata kishiya an juya mata baya. Ciwon damuwa a wurinmu ta jiki ya fi fitowa.

Haka abin yake ga masu doguwar jinya. Mai ciwon suga ya ninka wanda ba shi da shi wajen kamuwa da ciwon damuwa. Kusan ɗaya cikin uku na masu shanyewar ɓarin jiki na kamuwa da shi. Ga masu wankin ƙoda, ga masu sikila, ga masu tarin fuka da ke shan magani wata shida. Wanda zuciyarsa ta karaya ba ya shan magani a kan ƙa'ida, ba ya dawowa ranar da aka ba shi. Mu kuma sai mu rubuta cewa yana da taurin kai.

Na huɗu, mai shaye-shaye. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 na ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kusan miliyan 3 a Arewa maso Yamma, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A watan Mayun shekarar gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Da yawa ba don nishaɗi suka fara ba. Ɗan dako ne, ko direban da zai kwana a hanya da lodin shanu daga kasuwar Alhamis ta Maigatari zuwa Kudu, ko ɗan ƙwadago a gona, aka ce masa tiramol na ƙara ƙarfi. Irinsa ba zai kawo kansa asibiti don shaye-shaye ba. Hatsarin babur ne zai kawo shi, ko faɗuwa irin ta farfaɗiya, domin tiramol na haddasa ta. Kwana biyu a gado ba ƙwaya, sai gumi da hamma da ciwon gaɓoɓi da faɗa da nas-nas. A ce fitinanne ne, a ƙagu a sallame shi. Alhali kwanakin nan da yake kwance, ƙafa a ɗaure, mahaifiyarsa na gefe, su ne damar da ba a cika samu ba ta zama da shi a fara raba shi da ƙwayar.

Na biyar, wanda ya yi yunƙurin halaka kansa. Allah ya kiyaye mu. Fiye da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya a duniya kowace shekara, kuma a yankunan noma maganin ƙwari na da babban kaso a ciki, don haka a kulle maganin feshi nesa da ɗaki. Tsohuwar dokar Final Kod ta Arewa, a sashe na 231, ta ɗauki yunƙurin a matsayin laifi, ga kuma abin kunya, sai dangi su ce kuskure ne. A ceto rai, a sallame shi, ya koma cikin abin da ya tura shi. Ƙa'ida ita ce kada a sallami irin wannan sai wani ya zauna da shi ya tambaye shi a natse. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Sau da yawa ita ce ke sauke masa nauyi.

Akwai kuma batun magani, wanda shi kaɗai ya isa dalilin haɗa likitocin biyu. Wasu magungunan jiki na taɓa hankali, kamar dezametason da 'yan mata ke sha don ƙiba, da wasu magungunan tarin fuka da na cuta mai karya garkuwar jiki. Wasu magungunan ƙwaƙwalwa kuma na taɓa jiki: su sandarar da wuya, su sa rawar hannu, su kawo ƙiba da suga. Masu taɓin hankali mai tsanani na mutuwa shekara 10 zuwa 20 kafin tsararrakinsu, kuma galibi hawan jini da suga da ciwon zuciya da ba a kula da su ba ne ke kashe su. Su ma suna da haƙƙin gado a babban asibiti kamar kowa.

Yadda ake yi a bakin gado

Takarda ta iso, ma'aikacin ya taso. Kafin ya je gado sai ya karanta fayil, ya duba jerin magunguna da sakamakon gwaji, ya tambayi nas ɗin da ta kwana, domin ita ta ga daren. Sannan ya ja kujera ya zauna daidai da majinyaci. “Sannu Baba. Ni ma'aikacin asibitin nan ne, likitanka ne ya ce in zo mu gaisa. Baba, ina ne nan? Yau wace rana? Lissafo mini ranakun mako da baya, daga Juma'a.” Wanda gigin ciwo ya kama zai ce Juma'a, Alhamis, sai ya ɓace. Daga nan ya koma ga mai jinya: “Hajiya, yaushe kika fara ganin canji? Kafin ciwon nan, yana zuwa gona da masallaci kamar kullum? Me aka ba shi a gida?” Ya rubuta abin da ya gano da abin da za a yi, a taƙaice, yadda kowa zai gane. Ya yi wa dangi bayani da Hausa, ko da Fulatanci ko Barbarci in shi suka fi ji. Gobe ya dawo. Ba na'ura a ciki. Ilimi ne da lokaci da kujera.

Za mu iya a ƙasar Gumel?

Za a ce ina kuɗi, ina likitoci? A wani babban asibiti a Bamingham ta Ingila an kafa tawagar yin irin wannan aiki a 2009. Da masana tattalin arziki na Landan suka yi lissafi a 2011, sai suka ga duk fam 1 da aka kashe ya sa an yi tsimin kusan fam 4, mafi yawa saboda tsofaffi sun rage kwanaki a gado. A wurinmu, kowane kwana da aka rage ragi ne na kuɗin abincin masu jinya da na mota, da gonar da aka bari ba noma a tsakiyar damina.

Batun likitoci gaskiya ne. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, kuma yawancinsu a manyan birane suke. In muka ce sai kowane babban asibiti ya samu nasa, za mu daɗe muna jira. Don irin wannan hali ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008, da littafin jagoransa a 2010, don koya wa likitoci da nas-nas na gama-gari gano manyan lalurori da maganinsu. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci daidaita shi da yanayin Najeriya, aka gwada shi a Jihar Osun. Ga abin da nake roƙo, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki.

Na ɗaya, a Babban Asibitin Gumel a keɓe nas biyu masu horon lafiyar ƙwaƙwalwa, mace da namiji, wannan ya zama shi ne aikinsu, kada a riƙa cike gurbi da su. Akwai makarantun wannan horo a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna da Maiduguri. Ƙananan hukumomin nan huɗu za su iya ɗaukar nauyin 'ya'yansu da sharaɗin su dawo gida su yi aiki.

Na biyu, likita ɗaya da ma'aikacin jin daɗin jama'a ɗaya su samu horon mhGAP su shiga tawagar.

Na uku, a ƙulla yarjejeniya da ƙwararru na Kano ko Dutse ko Kazaure: ziyara sau ɗaya a wata, da lambar waya da za a kira ko a tura bayani ta WhatsApp in abu ya cije, tare da kiyaye sirrin majinyaci.

Na huɗu, magunguna su zauna a kantar asibiti. Amitiriftilin, da halofaridol, da kabamazafin, da finobabiton tsofaffin magunguna ne masu araha. Kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya na iya daina faɗuwa in suna samun magani ba yankewa. Yarinyar da ta faɗa murhu aka kawo ta da ƙuna, in aka yi maganin ƙunar aka bar farfaɗiyar, za ta dawo. A sanya waɗannan magunguna cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha.

Na biyar, ɗaki ɗaya mai ƙofa. Ba wanda zai buɗe cikinsa a gaban layi.

Na shida, rajista da bibiya. Wanda aka sallama a haɗa shi da takarda zuwa asibitin mazaɓarsa a Gagarawa ko Sule Tankarkar ko Maigatari, ya riƙa karɓar magani kusa da gida. 'Yan'uwanmu da ke ƙetarowa daga Nijar su ma a rubuta musu yadda ma'aikacin can zai gane.

Ga malamai da iyaye

Allah ya gafarta Malam, kafin a zo wurinmu, wurinku ake fara zuwa, kuma hakan ba zai canza ba. Ba mu zo raba mutane da addu'a ba. Addininmu ya yi umarni da neman magani, ya kuma yi umarni da addu'a. A 2020 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Ibadan da Kumasi ta ƙasar Gana, inda ma'aikatan lafiya suka yi aiki tare da malaman addini da masu maganin gargajiya wajen kula da masu taɓin hankali. Waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Roƙona gare ku shi ne alamomi shida. In aka kawo muku wanda hankalinsa ya juya kuma akwai zazzaɓi, ko sanƙarewar wuya, ko jijjiga, ko mai jego ce, ko ya daina ci da sha, ko yana ambaton mutuwa, ku ce a tafi asibiti yanzu, ku biyo baya da addu'a. Tofi da ruƙiyya a bakin gado ba sa hana allura aiki. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne duka, da mari, da turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, da hana abinci. Mun ga abin da aka bankaɗo a gidajen mari na Rigasa a Kaduna da Daura a 2019, inda aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Yawancin iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugunta ce ta kai su ba, rashin wata ƙofa ce. Mu buɗe musu ƙofa a asibitin da suka saba zuwa.

Iyaye da masu jinya, ku ne idonmu. In kun ga canji, ku faɗa wa nas. Ku faɗi duk abin da aka sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ba wanda zai kama ku. Ku kuma daina yi wa wanda ya warke laƙabi da ciwonsa. Ku ba shi aure, ku ba shi aiki, ku zauna da shi a majalisa.

Kammalawa

Shugaban taro, ranka ya daɗe, ina roƙon kada a watse sai an naɗa mutanen da za su kai waɗannan buƙatu shida ga Ma'aikatar Lafiya a Dutse, da shugabannin ƙananan hukumominmu huɗu, da wakilanmu a Majalisar Dokoki ta jiha, a kuma sa ranar da za su dawo su gaya wa jama'a inda aka kwana. Iyayen ƙasa su sa mana albarka, limamai su ɗauki alamomin nan shida zuwa mumbarin Juma'a, ɗalibanmu kuma wasu su zaɓi wannan fanni, domin ƙasarku na buƙatarku a cikinsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya saka wa masu jinya da ma'aikatan lafiya da alheri, ya zaunar da ƙasar Gumel da Jigawa da Najeriya lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.